Littafin Gidan Hajja Batul

A Wad Madani, bayan rumbunan auduga,
akwai gida mai koriyar ƙofa.
Kakana Tanimu ne ya fara riƙe makullin,
ni kuwa littafin na gada, bangonsa duk ya ɓare.

Shafin farko dangwalen yatsa ne,
Hajja Batul ba ta san alƙalami ba.
Shekara talatin tana toya kisra a tashar jirgi,
tana jefa sulalla cikin tulun da ba ya ganin ruwa,
har ta sayi fili, ta dasa darbejiya,
ta ce wanda hanya ta gaji da shi, ya shigo.

Jatau mutumin Gumel ne ya fara shigowa.
Da ƙuruciya ya ɗauki sandar Makka,
ya tsaya tsinkar auduga ta kaka ɗaya,
kakar ta haifi arba'in.
Aka ba shi gado kusa da randa,
ya rataye sandar, bai sake zancenta ba.

Da Majok ya zo da gicciye a wuya,
an yi gunaguni wajen alwala.
Hajja tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba:
"Ciwon gwiwa ba ya tambayar alƙibla."

Dokar gidan ɗaya ce.
Bayan la'asar a zauna gindin darbejiya,
ba wa'azi, ba rediyo,
kowa ya ji da abin da ya baro.
Sai an jiyo ƙamshin jabana
baki ke buɗewa.

Shekarar ambaliya ruwa ya ci shafi uku,
suna goma sha ɗaya suka narke.
Kakana ya tuno tara.
Layi biyu na nan fayau,
in na iso su nakan sassauta murya.

Da harbi ya iso unguwa
mun fita da bakwai a amalanken jaki.
Inna Kuluwa ta rungume randa, ta ƙi,
sai da muka ɗora su tare.

Jiya na dawo. An cire ƙofar,
akuyar wani na kwance a ɗakin Jatau.
Na zauna gindin itacen, la'asar ta yi.
Wata tsohuwa da ƙunshi a ka
ta yi sallama daidai inda ƙofa take a da.
Na buɗe littafin, biron ya bushe,
ina ta hura masa iska, ita tana jira.