Damina Ukun da Gara Ta Ci

Kwali goma sha ɗaya aka ba ni a Mirriya,
rajistan ruwan sama, ɗaure da igiya.
Marigayi Malam Bra ne ya cika su:
kullum da sassafe ya leƙa bakin ma'auni,
ya rubuta milimita, ko ya ja layi
in sama ta kwana ba ta ce komai ba.
Bakwai ɗinsa mai ɗamara ce, irin ta ƴan lakwal.
Na haddace hannunsa fiye da na mahaifina,
mutumin da ban sani ba ko a murya.

Kwali na tara ne ya juya mini baya.
Ina buɗewa, gari ya zubo mini a zane.
Gara ta cinye damina uku cur,
ta bar bango da ƙusar tsakiya.

Lauya Mutari ya kira daga Yamai,
yana tuƙi, hon na kutsawa cikin maganarsa:
"Barira, alƙali ba ya cin wataƙila.
Katangun Garin Malam sun faɗi ko ba su faɗi ba?
Hayaƙin kamfanonin nan ne, i ko a'a?"
Na ce ruwan sama ba ya yawo da katin shaida.
Ga iyakar abin da lissafi ya yarje mini:
irin saukar daren Talatar nan
da can baƙuwa ce,
kaka ta gan ta sau guda, ta ba jikoki labari.
Yanzu ta san gida, ba ta ko sallama.
Zafin da aka ƙara wa sama ya ƙara mata ƙarfin hannu.
"Da nawa?" Na ce tsakanin kaza da kaza.
Ya ja tsaki: "Tsakani ba ya cin shari'a."
Na ce can dai na iske gaskiya.

Dare ya raba, an ɗauke wuta a Karkada.
Kuɗin bincike wata huɗu ke nan yana hanya.
Malamina na taro a wata ƙasa,
saƙonsa kalma huɗu: "Ki gyara, ki hanzarta."
Ga gurbi uku a jadawali, farare fat.
Yatsana ya san lambar da za ta dace,
wadda za ta sa layin ya haura kamar dutsen Birni.
Wa zai tona? Malam Bra na ƙasa,
gara kuwa ba a yi mata sammaci.
Na tashi na sha ruwa,
jarkar da na saya dala ashirin
a garin da ruwa ya rusa wa ɗakuna.
Na dawo na cike gurbin: babu, babu, babu.
Na ƙara da abin da lauya ba zai so ba,
cewa leda ta toshe magudanar unguwar tun bara.
Gara in faɗa da bakina.
Ban runtsa ba har safiya.

Gwaggo Tsahara na zaune a aji da jikoki shida,
tabarmarta ƙarƙashin allo, tukunya bayan benci.
Ta ce, "To, su ne?"
Na ce da hannunsu dumu-dumu, amma ba su kaɗai ba.
Ta daɗe tana tsince tsakuwa daga wake.
"Shekara talatin ina awon hatsi a Dole.
Mai lotsa gindin kwano, kasuwa guda yake ci.
Kai musu awonki yadda ya zo.
Kar ki yi masa tozo, kar ki shafe.
Su ma can ai sun san tiya."

Da la'asar muka kafa sabon ma'auni a bayan ajin,
ni da Lawali, babban jikanta.
Na nuna masa inda zai ja layi
ran da sama ba ta ce komai ba.
Ya ce yaushe alƙali zai yanke?
Na ce ban sani ba. Sa kwanan wata tukuna.
Rajistan kuma, a akwatin ƙarfe za ka yi masa ajiya.