Sawu a Kan Soro

Rovshan ya hau soro da jijjifi,
don kwalta da sanyin safiya take karyewa.
In hantsi ya dube ta sai ta saki jiki,
ta riƙe takalmi kamar mai bin bashi.

Buzovna na barci, Tekun Kasfiya na wanke duwatsu.
Shi yana durƙushe da makankari,
yana ɓamɓare shekara talatin, ɓawo-ɓawo.

Ƙarƙashin kowane baƙi akwai wani baƙin.
Wannan na shekarar da ɗaki ya yi yoyo kan gadon inna.
Wancan na bikin Gulnara, shafin gaggawa,
har da ƙwallon zaitun da wani ya tofar.

Daga tsakar gida ta ɗaga murya:
"Kananzir na gindin tsani.
Hannu kuwa da man girki, kada fata ta tsage!
Shayi zai huce."
Ya ce to, bai sauko ba.

Kusa da indararo ƙarfen ya tsaya.
Sawu biyu: babban takalmi mai cinyayyar dunduniya,
da 'yar ƙafa, yatsu biyar,
ranar da ya sha ranƙwashi,
aka sauko da shi a wuya,
yana kuka, baba na dariya.

Masu sabon rufi Talata za su zo.
Ya goge ko'ina har siminti ya yi fari.
Nan kaɗai ya zagaye da wuƙa,
ya sauko da shi rungume, kamar burodi mai zafi.

Gulnara ta ce, "Za ka ɓata min darduma."
Sannan ta matsar da kofuna.