Gayyar Kacalla

Garinmu bai kai gida sittin ba.
In ka yi tari a ƙofar masallaci,
Uwale za ta aiko da kanumfari kafin la'asar.

Bara kacalla ta toshe kogin.
Ruwa ya rasa hanya, ya bi ta shinkafar Zakar,
ya kwana a ɗakin Kyauta har ƙugu.
Mun rubuta wa ƙaramar hukuma.
Takardar tana can, ina jin.

Sai Bulama ya ce, ranar Talata.

Muka shiga da lauje tun asuba,
matsattsaku a ƙwauri.
Zakar da Haladu,
shekara uku ba sa gaisawa kan iyakar gona,
kwalekwale ɗaya ya rage musu.
Wannan na yanka, wancan na jida.
Ban ji sun yi magana ba.

Kunu ya zo a bokitin fenti,
ludayi biyu kacal.

Dab da magariba ruwan ya motsa,
kamar tsoho zai tashi daga tabarma.
Haladu ya cafko tarwaɗa da hannu,
ya jinjina ta,
ya waiga hanyar gidansa,
sannan ya jefa ta a ƙwaryar Zakar.