Kashi na Sha Tara

Ma'azu ne ya zo da shi daren Alhamis,
cikin ɗan memori da bai kai farcen yatsa ba.
Ya ce, "Ku matso, ga Ayarin Zara,
kashi ashirin da shida, ba wanda ya ɓata."
Muka jingina waya a jikin gwangwanin sukari,
mu biyar, furfura ta fara yi mana sallama,
a fadarmu ta gindin dutse, bayan Birni.

Da kiɗan farko ya tashi
sai ga ni a tsakar gidan Alhaji Ɗan Jimma:
tabarmar kaba, hayaƙin maganin sauro,
tele baƙi da fari bisa kifaffen turmi,
yara talatin, dala-dala a bakin zaure,
wanda ba shi da dala ya ɗare katanga.

Ba mu jin Faransanci a lokacin.
Tanimun kaɗai ya kai aji huɗu a lakwal,
shi ke tsayawa gefen akwatin yana fassara.
Shi ya raɗa wa shugaban jirgin Madugu,
mutumin ƙarfen nan kuma Ɗan Kwano,
mai ido ɗaya a goshi, Gwaggon Taurari.

Yau ga mu da gardama kamar ta 'yan dambe.
Mutari ya ce na bakwai ya fi kowanne,
inda suka sauka duniyar da kogi ke gudu a sama.
Barira ta ce, "Kai dai ɗan Damagaram ne,
ko a samaniya ruwa kake nema."
Ma'azu ya tsayar da hoton, ya nuna da tsinke:
"Ku dubi zare! Da zare aka rataye jirgin!
Dodon kuwa mutum ne cikin buhu,
ga takalminsa nan."
Muka yi dariya har shayi ya zube a garwashi.
Ban gaya musu ba, buhun nan
ya hana ni fita fitsarin dare damina guda.

Sai muka iso na sha tara,
wanda kuran ya ɗauke a tsakiyarsa:
Madugu a bakin ƙofar jirgi, iska na ƙare masa,
duhu ya haɗiye Zango da Birni lokaci ɗaya.
Daren nan Tanimun bai zauna ba.
Ya ce ya san ƙarshen, mushensu ya faɗa masa:
Ɗan Kwano ya ciro batirin ƙirjinsa
ya ba jirgin, ya faɗi,
aka binne shi a bayan wata, fuskarsa na duban gida.
Muka watse muna jan majina.

Shekara talatin da huɗu muna riƙe da wannan.
Yau mun ga sauran.
Wani ya danna jan maɓalli, ƙofa ta rufe,
kowa ya tsira, suka zauna cin abinci,
Ɗan Kwano na ta zuba kamar kanya.
Kuma yanzu da kunnenmu ya buɗe
mun ji Madugu bai taɓa karin magana ba,
lambobi yake kira, da umarni.
"Tafiya ta fi zama, ko da a kan ƙaya,"
ashe ɗan unguwar Kara-Kara ya sa masa a baki.

Shiru. Wani kabu-kabu ya wuce.
Barira ta ce, "Ashe ƙarya ya shirga mana."
Mutari ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya fi su iyawa."
Bana shekara shida da motar Agadas ta kife da shi.

Ma'azu ya kai hannu zai sa na ashirin.
Na ce a'a, mayar da na sha tara,
kashe muryar,
ka tsayar daidai inda wuta ta ɗauke.
Aka zuba shayi na uku, mai zaƙin.
Barira ta miƙe, ta tsaya gefen wayar,
ta gyara murya,
ta ɗauko daga inda ya ɗauko.