Lambar Inna

Kwana arba'in da ɗaya,
na koma kan kabu-kabu.
Injin ya tashi da bugu guda,
kamar ba abin da ya faru.

Daga Mabera zuwa Tsohuwar Kasuwa
wata dattijuwa ta hau.
Ta damƙe min riga ta baya,
daidai inda Inna ke riƙewa
ran Laraba, ranar awon jininta.
Ban karɓi kuɗinta ba.
Ta ce, "Ɗana, lahiya?"
Na ce babu canji ne.

Azahar ta same ni gindin dogon yaro.
Da can war haka waya ta yi kuka:
"Atto, ka sha hura?
Rage gudu, hanya ba ta ƙarewa."
Yau na sayi ta wurin Ige,
tsami ya yi mata yawa.
Na shanye.

Ƙanena ya ce in goge lambar.
Jiya na danna,
aka ce a kashe take.

Da magariba, Runjin Sambo,
na sayi farin goro biyu.
Sai ƙofar gida na tuna.
Suna aljihu, suna bushewa.

Gobe mai mashin na jiran balas.