Yatsu Uku

Da sassafe a filin Lawanti
Kyaftin Bappayo ya buɗe tafin hannuna,
ya ga kantar da garma ta bari,
ya ce, "Wannan hannun zai ba mu wahala."

Gaskiyarsa.
Ni da na tashi a bayan shanun huɗa a Kwami,
abin da ban danne ba, ban yarda zai miƙe ba.

Na tura totur, farfela ta ɗauki kuka,
sai hancin jirgi ya soma zamewa hagu
kamar jan bijimin Baffa in ya hango harawa.
"Ƙafar dama!" Na taka.
"Ƙara." Na ƙara har cinyata ta yi rawa,
farin layi ya dawo tsakanin gwiwoyina.

A sama sandar ba ta da hali ɗaya.
In muna gudu sai ta ƙage,
iska na ja ta can, ina ja ta nan.
In muka rage sai ta saki jiki,
igiya ce da guga ya tsinke ya bar ta,
fukafukai su hau ɓari, ƙararrawa ta hau tsuwa,
cikina ya riga ni sauka.

Bisa ruwan Dadin Kowa na yi ta kokawa,
gumi ya jiƙa agogona,
Dutsen Bima na hawa yana sauka a gilashi.
Bappayo bai taɓa sandarsa ba.
Ya nuna wata 'yar ƙafa baƙa kusa da gwiwata,
mai kama da ta keken ɗinki.
"Murza." Na murza kaɗan.
Nauyin ya bar kafaɗata
kamar an karɓe mini dami a bakin rumbu.
"Yanzu yatsu uku. Sauran biyun na shan shayi ne."

Jirgin ya tafi abinsa,
ni kuwa kunya ta kama ni.

Da damina na koma gida, na ba Baffa labari.
Bai ce komai ba, ya ɗaura wa shanu karkiya,
ya ce in bi shi ta gefe, in bar kallon ƙasa.
Kunya ta miƙe sambal har gindin ɗorawa.
Shekara goma ina bayansa
ban taɓa duba hannunsa ba.

Babban yatsa ne a kan maƙama,
da guda biyu a ƙasa.