Karen da Ke Cikin Akwati

Ƙarfe biyun dare a Runjin Sambo.
An ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
daga ni sai fitilar waya
da wani koren allo, faɗin tafin jariri.

A cikin allon akwai kare.
Ba jela, ba haƙori, ƙirga kawai ya iya,
daga talatin yana gangarowa sifili.
In injin ya shafa kansa kafin ya kai,
sai ya koma farko.
In shafa ta makara, ya san an suma a tsaye,
sai ya kai cizo, komai ya tashi sabo.

Injin na Nomau ne, a fadamar Kwalkwalawa,
famfon hasken rana mai shayar da albasa.
Batirinsa ba ya ganin asuba.
Ya ce, "Hajo, mi ka shanye shi cikin dare,
ga shi ko ɗigon ruwa bai gudu ba?"
Na auna. Kowa a allon ido biyu,
agogo na bugawa a ɗakunan da ba kowa.

Sai na koya musu barci.
Wanda ba a nema ya runtse ido,
a tsai da bugunsa har buƙata ta taso.
Mai auna zafi ya kwanta.
Mai aika saƙo ya kwanta.
Kare ma ya kwanta,
ni na shimfiɗa masa tabarmar da hannuna.

Ran Talata da hantsi injin ya daskare.
Ƙirgar kare na tsaye kan sha bakwai,
ta kwana biyu a nan, ba cizo, ba ruwa.
Fangali shida suka yi laushi.
Nomau bai yi faɗa ba.
Ƙasa ya ɗebo, ya murje a gabana,
ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar gari.

To ga ni, ina gyara da tsakuwa.
Duk wanda ya sa kare gadi
ya ajiye ɗaya a bakin ƙofa,
in ya sallame shi ya ɗauke abinsa.
Muddin da tsakuwa a ƙasa,
ba mai taɓa agogon kare.

Na ce na gama. Ashe da saura.
Mai kunna injin tun farko
yakan kwance karen kafin in iso,
ya wuce bai bar tsakuwa ba.
Sai na leƙa, in na tarar yana ƙirga,
in ajiye ɗaya a madadin wanda ya manta.
Kuma kada a tambayi mai barci saura nawa:
na tambaya sau ɗaya, allon ya ƙame,
amsar ba ta zo ba har yau.
A fara tashinsa, a jira ya miƙe.

Babana gadi ya yi a Kalambaina,
shekara sha tara da tocila da sanda.
Da rana mukan cire takalmi in za mu wuce ɗakinsa.
Inna ta san lokacin da ake tashinsa,
ba ta taɓa kuskure ba,
ba ta kuma taɓa rubuta shi ba.
Ni layi arba'in da ɗaya na rubuta,
na goge tara.

Yanzu batiri na kaiwa kiran assalatu.
Karen na lasar wuta kaɗan, na bar masa,
ladan gadinsa ke nan.

Jiya Nomau ya aiko yaro da albasa rabin buhu.
Na buɗe tarihin injin ina ɓare ɗaya:
sau ɗaya ya yi cizo, daren Laraba, uku da kwata.
Ban san abin da ya gani ba.
Da safe ruwa ya gudu.